Tayoyi Biyu a Kasuwar Dole

Tayar hagu ta gaba ta yi sanƙo
irin na kawuna Mani.
Ta dama kuwa faci tara gare ta,
na ƙirga su jiya a hanyar Miriya,
inda ta yi ajiyar zuciya ta zauna da ni,
akwatin allurar awaki a baya,
ƙanƙara na narkewa,
makiyaya can Dogo suna jira na har la'asar.

Yau Alhamis na shigo Dole
da jika arba'in da biyar a aljihun gaba.
Rabi adashen Tabawa ne.
Ta miƙo ba ta ce uffan ba,
ta dai ƙulle bakin ledar sau biyu.

A rumfar Lawali Ɗan Gure
tayoyi sun hau kan juna kamar duwatsun Birni.
Na sama cikin takarda mai ƙyalli,
ko gaishe su ban yi ba,
guda ɗaya ta kusa cinye abin da na zo da shi.
Na tsakiya ƴan Sin ne, jika ashirin da biyu.
Na ƙasa, su ne dangina:
ƴan Kwatano, sun sha duniya,
an wanke su da baƙin mai suna walƙiya.
Sha ɗaya-ɗaya. Na yi lissafi a tafin hannu,
huɗu ke nan, har da canjin shayi.

Na ce a ba ni huɗu.

Lawali bai tashi ba.
Ya jawo ɗaya da ƙafa, ya tofa yawu a gefenta,
ya goge da babban yatsa:
“Karanta nan, likita. Lamba huɗu.
Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.”
Na karanta.
Ta girmi ɗiyata Hurera,
wadda bana za ta shiga kwaleji.

Ya tura dala biyar cikin zanenta,
kuɗin ya nutse har rabi, na ji daɗi.
Ya ce, “Zane ba shi ne lafiya ba.
Wannan don ƙasar sanyi aka yi ta.
Ka hau da ita kwaltar Tanut a watan huɗu,
za ta yi laushi kamar nakiya,
kuma ba ta sallama in za ta tafi.”
Ya matsa gefen, ƙananan tsagu suka buɗe baki
irin na dugadugan mai aikin lambu.

Na ce, kai da ke sayarwa, kake kushewa?
Ya ce, “Ina sayar wa masu amalanke.
Jaki ba ya gudun tamanin.”

Na yi shiru.
Wani ɗan kabu-kabu ya zo, aka ba shi iska, ya tafi.
Na tuna dutsin da ke bakin kwanar Takeita,
da motar da ta kwana a jikinsa bara,
har yanzu gilashi na ƙyalli a cikin yashi.

Muka ja, muka saki.
Ashirin. Albarka.
Ashirin da ɗaya, don Tabawa.
Bai san ta ba, amma ya ce ya sallama.
Biyu kawai, ƴan Sin, haihuwar bara.
Tsofaffin da suka fi dama-dama su ƙara haƙuri
har a sayar da gyaɗa.

Yaronsa ya karɓi jika biyu na ɗauri,
ya tsoma kowace a rabin tano
yana neman kumfa, bai samu ba.

Saura jika guda.
Na sayi rake na Matamai, sanda biyu.

Mai sanƙon na aza ta kan kwanon ɗaki,
iskar damina ta zo ta same ta.
Mai faci tara Tabawa ta karɓe,
ta sa an raba ta biyu,
tana zuba wa tumakinta dusa a ciki.
Ta ce ko ba komai,
ta ga inda adashenta ya shiga.